Itacen Dandali: Cibiyar Rayuwar Ƙauye a Arewacin Kano

Matafiyin da ya bar birnin Kano ya bi hanyar Ɗambatta, ko kuwa ya ɗauki ta Katsina ya ratsa Dawanau da Bici zuwa Tsanyawa, zai lura da wani abu tun kafin ya isa kowane ƙauye. Tun daga nesa, kafin rufin ɗakuna ko hasumiyar masallaci su bayyana, yakan fara hango kan wani babban itace wanda ya ɗara na gonaki tsawo da faɗi. Idan ya ratse ya nufi wannan itace, da wuya ya tarar da gindinsa babu kowa. Ko dai dattawa ne a kan tabarmi, ko wanzami da zabirarsa, ko mahauci ya kafa tukuba, ko almajirai da allunansu. A nan baƙo yake yin sallama, a nan kuma ake nuna masa gidan dagaci.

Wannan darasi zai duba irin wannan itace ta fuska biyu. Ta farko ita ce aikin da yake yi wa jama'a. Ta biyu kuwa ita ce halittarsa, wato dalilan da suka sa wasu itatuwa ƙalilan ne kawai suka dace da wannan matsayi, da kuma dalilin da ya sa yawancinsu suka tsufa ba tare da magada ba. Amma kafin nan, yana da kyau a leƙa wata ƙasa mai nisa wadda ta biya irin wannan buƙata ta wata hanya dabam, domin kwatanci yakan sa mutum ya ga abin da sabo ya ɓoye masa.

Ginshiƙin dutse a ƙauyukan Ingila

Daga wajen ƙarni na 10 zuwa ƙarni na 16, mutanen karkarar Ingila sun riƙa kafa wani ginshiƙin dutse a tsakiyar ƙauye, ko a mahaɗar hanyoyi, ko a harabar coci. Akan fara gina matakala mai hawa biyu ko uku ko fiye, a ɗora wani ƙaton dutse mai rami a kanta, a dasa ginshiƙin cikin ramin, sa'an nan a ɗora gicciye a bisa, kasancewar su mabiya addinin Kirista ne. Asalin abin na ibada ne, amma aikinsa ya wuce nan. A gindinsa ake wa'azi, a nan ake karanta sanarwar hukuma, a nan mata ke baza man shanu da ƙwai ranar kasuwa, kuma ana ganin cinikin da aka ƙulla a wurin ya fi wuyar warwarewa. Waɗanda aka kafa a bayan gari kuwa suna nuna iyaka tsakanin wannan gunduma da waccan, suna kuma shiryar da matafiya.

Mafi shahara a cikinsu su ne guda 12 da Sarki Edward na Ɗaya ya sa aka gina bayan rasuwar matarsa Eleanor a 1290, ɗaya a kowane zangon da aka kwana da gawarta a kan hanyar zuwa Landan. Uku ne kawai suka rage a tsaye. Masana kayan tarihi na ƙasar sun ƙiyasta cewa an taɓa samun irin waɗannan ginshiƙai fiye da 12,000 a Ingila, amma waɗanda suka saura ba su kai 2,000 ba. Rikicin addini na ƙarni na 16 da na 17 ya ci da yawa daga cikinsu, musamman bayan da majalisar ƙasar ta ba da umarnin rushe su a 1643. Abin lura shi ne, a ƙauyuka da dama an fille kan ginshiƙin amma matakalar ta zauna, mutane kuma suka ci gaba da zama a kanta suna hira da ciniki. Wato buƙatar wurin haɗuwa ta fi alamar da aka ɗora a kai daɗewa.

Manomin ƙasar Kano yana da irin wannan buƙata, sai dai yanayin ƙasarsa ya ƙara masa wani sharaɗi. A Ingila mutum yana neman rana ne ya sha. A Minjibir ko Kunci, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, ba wanda zai zauna a gindin dutse tsirara don a yi shawara. Dole cibiyar gari ta kasance mai inuwa, saboda haka ta zama abu mai rai.

Ƙasar da babu daji

Yankin da ke kewaye da birnin Kano yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Tun a 1851 Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa shi ya ga gonaki sun haɗe da juna, itatuwa kuma a warwatse a cikinsu. A 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka wallafa nazarinsu a kan wannan yanki, inda suka nuna cewa ana noma fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ya riƙe ta shi ne taki. A wancan lokaci jakuna kan shiga birni da itacen girki su fito da mangalolin shara da toka, tumaki da awaki kuma a ɗaure suke a turke duk damina ana tara kashinsu.

A irin wannan ƙasa babu itacen da ya tsaya da kansa. Duk gawo ko ɗorawa ko kanya da aka gani a gona, wani ne ya ga tsironsa ya ɗauke fartanya ya bar shi, kuma yana da mai shi. Ana gadonsa, ana iya sayar da shi, ana iya jinginar da amfaninsa. Itacen dandali ne kaɗai ya fita daga wannan tsari, domin shi na kowa ne. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, don za a komo kansa.

Abin da ake yi a gindin itace

A yawancin ƙauyuka itacen yana ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa, kusa da masallaci. A nan ake sasanta rikicin iyakar gona da na ɓarnar dabbobi kafin magana ta kai ga hakimi ko alƙali. Daga nan mai shela yake tashi ya zaga gari. A nan ake tsara gayya, a sa ranar gyaran rijiya ko yaɓen masallaci. A nan kuma aka riƙa tara haraji da jangali har zuwa 1979, lokacin da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke su a Jihar Kano. Hukumomin zamani ma ba su sami wurin da ya fi shi ba: malaman allurar rigakafi, da masu ƙidayar jama'a, da malaman gona, duk a nan suke ajiye teburinsu, sau da yawa kuma a nan ake kafa akwatin zaɓe.

Wurin yana sauya masu shi gwargwadon lokaci. Da hantsi na masu sana'ar hannu ne, masu saƙar kaba da tufkar igiya da ɗinkin hula. Bayan azahar na dattawa ne da 'yan dara. Da dare, musamman da kaka idan akwai farin wata, sai ya koma hannun yara, 'yan mata na gaɗa, samari na langa da kokawa. Manyan kasuwannin mako irin ta Ɗambatta ranar Lahadi da ta Bici ranar Juma'a sun cika da rumfunan kwano, amma a ƙananan kasuwannin ƙauye har yanzu inuwa ce ke raba wuri: masu nono da fura a gindin wannan, masu hatsi a gindin wancan.

Sunayen wurare ma shaida ne. Akwai Rimin Gado da Tsamiya Babba, a cikin birni kuma akwai Kukar Bulukiya da Durumin Iya da Tsamiyar Boka da Kasuwar Rimi. Wasu daga cikin itatuwan da suka ba da waɗannan sunaye sun daɗe da faɗuwa, sunan ne ya saura, kamar yadda unguwar Charing Cross ta Landan take ɗauke da sunan ginshiƙin da aka rushe tun 1647.

Dangantakar itace da iko a Kano tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin wani itace da aka kewaye da katanga inda ake bautar Tsumburbura, wanda Barbushe kaɗai ke shiga wurinsa. Littafin ya ce a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, bayan zuwan Wangarawa, an gina masallaci a gindin itacen tsafi, sa'an nan a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka sare itacen aka gina hasumiya a gurbinsa. A nan ma, kamar a Ingila, aƙida ta sauya amma wurin taron bai gusa ba.

Me ya sa waɗannan itatuwa?

Itatuwan ƙasar Hausa suna da yawa, amma waɗanda ake samu a dandali ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: ceɗiya, durumi, tsamiya, gamji, rimi, kuka, sai kuma darbejiya wadda baƙuwa ce. Zaɓen ba na banza ba ne.

Sharaɗi na farko shi ne siffar kan itacen. Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha, kuma wannan magana daidai take da lissafi. Kan giginya ƙarami ne, yana can sama, don haka inuwarta tana faɗawa nesa da gindi, tana kuma gudu da sauri yayin da rana ke tafiya. Itacen taro yana buƙatar rassa masu buɗewa gefe, ba su cika nisa da ƙasa ba, da ganye mai kauri hawa-hawa. Sharaɗi na biyu shi ne lokacin da yake riƙe da ganye. Gawo itace ne mai albarka ga gona, yana kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, amma ga ƙaya, ga rashin inuwa da damina. Shi ya sa gawo na gona ne.

Inuwar itace ta fi ta rumfar kwano sanyi, kuma akwai dalili. Kwano yana tare hasken rana, amma shi kansa yana ɗaukar zafi ya riƙa feso shi a kan wanda ke ƙasa. Ganye kuwa yana da dubban ƙananan ƙofofi, galibi a bayansa, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Ruwan da saiwa ta zuƙo daga ƙasa yana fita ta waɗannan ƙofofi a matsayin tururi, kuma fitarsa na cin zafi. Mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana buƙatar kimanin kilojul 2,400, wato fiye da ninki bakwai na zafin da ake buƙata a ɗauki wannan lita daga sanyin randa a kai ta ga tafasa. Babban itace mai isasshen ruwa na iya fitar da ɗaruruwan litoci a yini. Da wannan dabara ce randar ƙasa take sanyaya ruwa, da ita kuma gumi yake sanyaya jiki. Yashin da rana ke duka kai tsaye na iya wuce digiri 55 da tsakar rana, alhali ƙasar gindin ceɗiya mutum na taka ta ba takalmi.

Ceɗiya da durumi da gamji da ɓaure 'yan gida ɗaya ne, masana na kiran zuriyarsu Ficus. Ceɗiya ita ce Ficus thonningii, durumi Ficus polita, gamji kuma Ficus platyphylla. Suna da farin ƙaro mai kama da nono, suna kuma da wata baiwa da ta sa suka mamaye ƙofofin gidaje: ana iya sare reshe mai kauri kamar hannun mutum, wanda ya fi mutum tsawo, a kafa shi a ƙasa da farkon damina, ya yi saiwa ya kama. Amfanin wannan a ƙauye mai cike da awaki a fili yake, tun da ganyen yana fitowa ne a inda bakin akuya bai kai ba. Ta fuskar ilimin gado kuwa, itacen da aka samu ta wannan hanya ba ɗan na farko ba ne, shi ne dai na farkon ya ci gaba da rayuwa a wani wuri, domin ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne sak. Mai yiwuwa ceɗiyoyin unguwa guda duk reshen uwa ɗaya ne.

Haihuwarsu ta hanyar iri kuwa abin mamaki ce. Abin da ake kira ɗan ɓaure a haƙiƙa jaka ce wadda furanni masu yawa suke a rufe a cikinta. Duk yaron da ya taɓa ɓare ɓaure ya ga 'yan ƙwari a ciki. Waɗannan ƙwari, dangin zanzaro ne da tsawonsu bai wuce milimita biyu ba, su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan jaka zuwa waccan. Macen takan kutsa ta wata 'yar ƙofa, ta yi ƙwai a cikin wasu furannin, ta barbari sauran. Galibi kowane irin ɓaure yana da nasa irin ƙwaron. In babu ƙwaron babu iri, in babu itacen babu ƙwaron.

Tsamiya, wato Tamarindus indica, ba ta da saurin girma, amma tana daɗewa, kuma kusan duk shekara tana da ganye. Inuwarta tana da duhu har ciyawa ba ta cika fitowa a gindinta ba, abin da ya sa wurin yake zama a share kamar an daɓe. Tsamin 'ya'yanta, wanda ake nema don kunu musamman da azumi, daga wani sinadari ne mai suna tatarik. Rimi kuwa, Ceiba pentandra, shi ne mafi tsawo, an fi ganinsa a tsofaffin garuruwa masu ganuwa da wuraren da ruwa bai yi nisa ba. Ba banza aka yi masa kirari da adon gari ba.

Kuka da kufai

Kuka ta cancanci a tsaya a kanta, domin matsayinta dabam ne. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da aka fi buƙatar inuwa, ita ba ta da ganye ko ɗaya. Saboda haka ba don inuwa ake barinta ba. Ana barinta ne don miya, da garin 'ya'yanta mai yawan bitamin C wanda ake damawa a nono, da ɓawonta da ake tufka igiya. Sa'an nan ita ce alama, ita ce ake kwatance da ita, ita ce ke nuna iyaka. A wannan fuska ita ta fi kowane itace kama da ginshiƙin dutsen Ingila.

Sunanta na kimiyya Adansonia digitata, daga sunan Bafaranshe Michel Adanson wanda ya gan ta a Sanagal a 1749. Jikinta ba katako ba ne irin na sauran itatuwa, wani abu ne mai laushi kamar soso wanda yawancin nauyinsa ruwa ne, har kaurinta kan ɗan ragu da rani ya ƙaru da damina. Wannan ne ya cece ta daga gatari, don ba ta yin itacen girki, ba ta yin gawayi, ba ta yin azara. Ana saɓule ɓawonta ya sake tofowa, abin da zai kashe yawancin itatuwa. Furenta fari ne babba mai reto a kan dogon sili, yana buɗewa da almuru, yana fitar da wani wari da ke jawo jemagu masu cin 'ya'yan itace, su kuma su yi barbarar yayin da suke lasar zaƙinsa. Kafin wata almurun ya yanƙwane. Ɗorawa da rimi ma jemagu ne manyan masu yi musu wannan aiki, don haka yaron da ke harbin jemage da danƙo yana taɓa daddawar gidansu bai sani ba.

Idan aka ga kukoki biyar ko goma sun taru a tsakiyar gonaki inda babu gida ko ɗaya, to, kusan tabbas kufai ne. Mutanen da suka zauna a wurin sun zubar da ƙwallayen kuka a juji, inda akwai danshi da taki, tsiron ya sami kariyar danga, har ya girma. Gari ya tashi, katangu sun narke sun koma ƙasa, kukokin suka saura. Masu binciken kayan tarihi suna amfani da wannan alama wajen gano tsofaffin mazaunai, kuma wanda ya duba ƙasar wurin bayan ruwan sama yakan ga katangar tukwane, wani lokaci har da kashin maƙera. Manoma sun san gonar kufai ta fi yabanya, saboda tokar murhu da ƙasusuwa na shekaru sun bar sinadaran fosfaras da fotash a cikinta.

Shekarun kuka ba sa ƙirguwa da zoben cikin kututture yadda ake yi wa itatuwan Turai, sai da gwajin sinadarin kabon. Da wannan gwaji ne Adrian Patrut da abokan aikinsa suka nuna cewa wata kuka a Zimbabuwe ta kai kimanin shekara 2,450 kafin ta faɗi. Rahotonsu na 2018 ya ƙara da cewa tara daga cikin kukoki 13 mafi tsufa da suka auna sun mutu, ko kuma sassansu mafi tsufa sun mutu, cikin shekara 12 kacal. Duk a kudancin Afirka suke, kuma masu binciken sun fi zargin ƙaruwar zafi da fari.

Tsofaffi ba jikoki

Akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Ba gaskiya ba ne cewa manoman Kano sun cinye itatuwansu. Wani ayarin masana da ya yi aiki daga Jami'ar Bayero, wanda ya wallafa littafi kan itacen girki a Kano a 1990, ya kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama ya tarar cewa itatuwan gonakin da ke kusa da birni ba su ragu ba, duk da farin 1972 zuwa 1974. Wani nazarin da Janet Nichol da abokin aikinta suka wallafa a 2018 ya nuna yawansu ƙaruwa ma ya yi. Sai dai kaso mai yawa na wannan ƙari darbejiya ce, itacen ƙasar Indiya da aka shigo da shi Borno a 1928. Tana da saurin girma, tana jure fari, ɗacinta kuma yakan rage mata ɓarnar dabbobi. Itace ne mai amfani, ba wanda zai musa. Amma ba a miya da ita, ba a kunu da ita, kuma ƙasar da itace iri ɗaya ya mamaye tana cikin haɗari ranar da wata cuta ta same shi.

Matsalar manyan itatuwan gari ita ce rashin na baya. Masanin halittu ba ya auna lafiyar wani jinsi da yawan manyansa, yana duba ko akwai ƙanana da matsakaita da za su maye gurbi. Garin da duk mazaunansa tsofaffi ne, kowa ya san makomarsa. A ƙauyuka da yawa za a ga tsamiya ko kuka wadda mutum uku ba za su iya rungume ta ba, amma a zaga gari kaf ba a ga 'yar shekara goma ba.

Dalilan suna da yawa, wasu na halitta wasu na ɗabi'a. Da rani ana sakin awaki, duk tsiron da ya fito su cinye. Ƙasar dandali ta daddanne saboda sawu da tayoyin babura, ruwa ba ya shiga, iri ba ya tsira, saiwar babban itacen ma tana shan wuya, balle in an zuba siminti har gindinsa. Kukar da ake yi wa aski kowace shekara don ganye ba ta samun damar yin fure sosai, don haka 'ya'ya sun yi ƙaranci. Kauci, wanda tsuntsaye ke shafa irinsa a kan rassa, yana tsotse ruwan itacen da ya riga ya raunana. Faɗaɗa hanya da jan wayar lantarki sun ci wasu. Tsamiya kuwa ingancin itacenta ne ya zame mata masifa, don gawayinta na da kyau kuma masu gidajen burodi suna sayen itace da tsada.

A da akwai katanga biyu da ke kare irin waɗannan itatuwa. Ɗaya ita ce doka, don a zamanin En'e sare wasu itatuwa sai da izinin malamin daji. Ɗaya kuwa tsoro ce, saboda an ɗauka kuka da tsamiya gidajen iskoki ne. Ilimin addini da na zamani sun rage wannan tsoro, kuma ba abin baƙin ciki ba ne, sai dai ba a kafa wani abu a gurbinsa ba, ko da yake hadisi ingantacce ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga itacen da Musulmi ya dasa sadaka ce gare shi. Ga kuma batun da aka ce a riƙe tun farko: itacen gona yana da mai shi wanda zai kewaye tsironsa da ƙaya, na dandali kuwa kowa na shan inuwarsa amma ba a ɗora wa kowa renon magajinsa ba. Ginshiƙin dutse in ya faɗi ana iya tara kuɗi a tashe shi cikin wata guda. Tsamiya in ta faɗi, wanda ya dasa wata ba lalle ya zauna a cikakkiyar inuwarta ba.

Aiki ga ɗalibai

Malamin kimiyya na iya mayar da wannan darasi aikin fili ba tare da kayan aiki masu tsada ba. Ana buƙatar igiya, da ma'aunin tela, da sanda mai tsawon mita ɗaya, da ma'aunin zafi in makaranta tana da shi.

A raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ɗauki unguwa ɗaya, bayan an nemi izinin mai unguwa. A rubuta sunan kowane itace da ke wurin zaman jama'a, a auna kewayen jikinsa a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin babban mutum, wanda shi ne ma'aunin da malaman daji ke amfani da shi a ƙasashe da yawa. Idan aka raba kewayen da 3.14 za a sami kaurin itacen. Alal misali, kukar da kewayenta ya kai mita 9.4 kaurinta mita 3 ke nan. Tsawo kuma ana samunsa daga inuwa: a kafa sandar a tsaye a auna inuwarta, a auna ta itacen a lokaci guda. In inuwar sandar rabin mita ce, ta itacen kuma mita 8, to tsawonsa mita 16 ne. Da ƙarfe biyu na rana a auna zafi a gindin itacen, da ƙarƙashin rumfar kwano, da kuma fili, a kwatanta.

Daga nan a kasa itatuwan kowane jinsi gida uku, ƙanana da matsakaita da manya, a zana jadawali. Siffar jadawalin ce za ta nuna jinsin da ke da magada da wanda ba shi da su. A kuma tambayi dattawan unguwa ko an san wanda ya dasa itacen, da abin da ake yi a gindinsa a da wanda aka daina, da itatuwan da suka faɗi a tsawon rayuwarsu. A rubuta amsoshin da ranar da aka karɓe su, a ajiye a makaranta, domin ajin da zai zo bayan shekara biyar ya sake awon ya ga bambanci.

Ƙungiyar da ta tarar da unguwarta ba ta da ƙananan itatuwa tana iya gwada dashe. Ƙwallon kuka da na tsamiya suna da ɓawo mai tauri, don haka a ɗan kankare gefensa da wuƙa ko a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana a jiƙe kafin a shuka a leda. Reshen ceɗiya ko durumi kuwa a sare shi da tsawon mita biyu ko fiye, a rage masa ganye, a binne kimanin rabin mita a cikin rami mai taki bayan ruwa ya zauna a watan Yuni ko Yuli. A dasa shi taku ashirin ko fiye daga tsohon itacen don kada inuwa ta danne shi, a kewaye shi da ƙaya ko tubali mai ƙofofi, a kuma rubuta sunayen waɗanda za su riƙa ba shi ruwa daga watan Nuwamba har faɗuwar damina ta gaba, domin ranin farko ne ya fi kashe dashe.